Umarnin Uwani

Riyad, 28 ga Yuli

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da ku da Yaya Safiyya da yaranta da duk mutanen Bakori. Yaya ƙafar? Yaya damina? Ni lafiya ƙalau, sai zafin garin nan da ko ƙofar mota ka taɓa da rana sai ka yi salati.

Jiya na ɗauki waya zan kira ku, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta ihu har maƙwabciyata Bilƙisu, 'yar Maraɗi, ta ƙwanƙwasa ta ji ko lafiya. Tunda kunnen ya bi ku ritaya, mu ci gaba da takardarmu. In rubuta in ɗauki hoto, Yaya ta buga muku a shagon kwamfuta, ku adana a gwangwanin madararku.

Kun tambaye ni, shekara uku a ƙasar Larabawa me nake yi wa kashin jini har yanzu ban kashe shi ba. To ga bayani, irin na malamin dabbobi da 'yarsa. Ƙwayar nan da ke cinye hanjin kaza, wadda ta share mana kaji ɗari uku a damina ɗaya ina aji huɗu, tana da kundi a cikinta inda aka rubuta duk yadda za ta rayu. Kundin ba ya fita ko'ina. In tana son yin wani abu, sai ta kwafi layi kaɗan ta aika wa ma'aikatanta. Wannan kwafin ake kira mRNA, ni dai ɗan saƙo nake ce masa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bayan an gama rubuta saƙon akwai wani ɗan ɗigo na sinadari da ake liƙa wa wasu haruffansa. Rubutun bai canza ba, amma ɗigon kan sa a karanta saƙon da wuri, ko a ajiye shi, ko a yaga shi, kamar jan biron da kuke sa wa fayil a ofis. Zatona, kuma har yanzu zato ne, ƙwayar tana rubuta wasu saƙonnin tun tana kwance a ɓuntun akurki, ta ɗiga musu alamar a jira, sai ta shiga cikin kaza sannan a buɗe. In muka gane mai ɗiga alamar, wata rana za a samu abin da zai riƙe masa hannu.

Ranar Lahadi huɗu ga Agusta za a kawo mini 'yan tsaki ɗari da ashirin. Sati biyu zan rene su a ɗakin da ko ƙuda ba ya shiga, sannan in ba su cutar da hannuna in bi ta kwana bakwai. Ɗan saƙon nan ba ya jiran kowa. In ba a daskarar da shi nan take bayan an buɗe hanji ba, ya lalace, kuma hannuna kaɗai mudir, wato shugaban wurin aikinmu, ya yarda da shi. Wata takwas na yi ina jiran izinin wannan gwaji. In ya katse, tsakin sun mutu a banza, kwantiragina kuma zai ƙare kafin a sake ba ni wani.

Gwajin bara Goggo Hajar ta kira ni sau goma sha ɗaya a kan launin anko, har na zubar da aikin sati guda. Saboda haka, ɗana, tunda sunan uwarka ka sa mini, kuma da bakinka kake ce mini Uwata, yau zan ci sarautata. Daga huɗu zuwa ashirin da huɗu ga wata kada wanda ya neme ni. Ko biki, ko suna, ko sama za ta faɗo, a riƙe mini sai na fito. Uwa ta yi magana!

Taku,
Uwani

Bakori, 3 ga Agusta

Zuwa ga Uwata, Dakta Hindatu,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uwa, mu ma lafiya lau. Ruwa ya yi albarka, masara ta fara bunni. Ƙafa ta ɗan yi nauyi, takalmin Juma'a ya ƙi shiga, na ce masa shi ya sani.

Na karanta bayaninki sau uku. Shekara talatin da biyu na yi ina bin ƙauyuka da allura da jaka, ban taɓa sanin ashe abin da ke kashe mana kaji yana da sakatare ba. Maganar jan biro kuwa kin yi gaskiya. Na ga fayil da ya kwana shekara a durowa, ba don abin da aka rubuta a ciki ba, sai don ɗan layin da wani ya ja a gefe.

Ba ki sani ba, ranar da muka haƙa ramin nan bayan gida muka zuba kajin, na juya don kada ki ga idona, sai na ji ki a baya kina cewa sai kin rama mini. Marigayiya Innarku ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Na ƙirga kwanakin da kika ɗiba, na ga ashirin da ɗaya ne cif, daidai kwancin kaza. To na karɓi gasa. Kazar nan tawa wake-wake ta fara kwanci, gobe da safe zan zuba mata ƙwai goma sha biyu, ranar da ke ma za ki fara naki. Mu ga wa zai riga wani ƙyanƙyasa. Kin dai san doka: kazar da aka tasa daga kan ƙwai, ƙwan ya yi sanyi ke nan, ko ta koma ba ta same shi ba.

Umarni kuma ya iso. Na rubuta ranakun da alli a ƙofar akurki, kullum zan goge ɗaya. Na gaya wa Hajar in ta kira ki sai na sayar da wayarta na sayi dusa. Ki yi aikinki hankali kwance. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a a kan maƙiyinmu.

Ɗanki mai biyayya,
Tamimu

Riyad, 13 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya ƙafa? Ni na kafa doka, ga shi ni na fara karya ta. Kwana goma shiru, har na fara jin haushin biyayyarku.

Tsakin suna nan ba wanda ya mutu, sun fara fitar da gashin fiffike. Wayata a loka take wuni, don ba a shiga da komai wurinsu, sai an yi wanka an sa fararen kaya kamar mai shirin aikin tiyata. Akwai wani ɗan fitinanne da yake hawa takalmina kullum. Na hana kaina sa masa suna, na san sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Yaya abokiyar gasata? A turo mini layi biyu kawai, na ɗage doka na minti biyar.

Uwani

Bakori, 15 ga Agusta

Uwani,

Gaisuwa. Mun ga takardarki. Baba ya ce in amsa miki, don yau hannunsa ba ya jin riƙe biro. Ya ce in ce miki jiki da sauƙi. Ya ce in ce miki kaza tana kan ƙwanta, ba ta tashi sai cin abinci, ke ma ki yi koyi da ita. Ga hotonta nan na haɗo.

Labarin gida: Kawu Basiru ya zo daga Kano tun Litinin, bai ce ga ranar komawa ba. Goggo Hajar ta dawo nan da kwana, mun share mata ɗakin Inna. Baba ya sa an yanka jan zakaran nan an yi sadaka da shi. Kwana biyar ke nan a gida yake salla, ya ce hanyar masallaci ta yi taɓo. Ni nake goge masa allin ƙofar akurki, kullum da safe sai ya tambaya ko na goge.

Ni dai abin da aka ce in rubuta na rubuta, sauran kuma labari ne na ba ki. Ki karanta da kyau, tunda ke Allah ya ba karatu.

Yayarki,
Safiyya

Riyad, 17 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki da ɗawainiya. Alhamdulillahi da jikin Baba ya yi sauƙi. Ki hana shi gishiri, ki sa ya riƙa ɗora ƙafar a kan filo. Na ga hoton kaza, ina hoton mai kaza?

Na tausaya miki da baƙi. Kawu Basiru da Goggo Hajar a gida ɗaya, ai sai dai ki toshe kunne ki yi ta dafa tuwo. Jan zakara kuwa Allah ya karɓa, dama ya ishi kowa da tsiwa.

Layinki na ƙarshe ne bai yi mini daɗi ba. Na san ke ce a gida, ke ke wanki ke ke jinya, ni ina nan cikin esi. Amma ba yawo nake yi ba, Yaya. Tun da tsakin nan suka zo ban taka ko kasuwar Dira ba, daga ɗaki sai wurin aiki. Ki bar mini gorin karatu sai na fito, mu zauna ki yi mini son ranki.

Gobe zan ba su cutar. Daga nan ba ni da kaina sai ranar Asabar. Ki ce wa Baba ya shirya shan kaye.

Uwani

Bakori, 25 ga Agusta

Uwani,

Assalamu alaikum. Ban san yadda ake fara irin wannan takarda ba. Na kira ki sau uku da safen nan, da na ji tana shiga sai in kashe. Ki yi haƙuri da rubutu, bakina ba zai iya ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Alhamis bayan azahar. An kai shi kafin magariba, kusa da Inna. Yau kwana uku.

Zuciya ce. Tun shida ga wata numfashinsa ya fara sarƙewa, muka kai shi asibiti a Funtuwa. Likita ya ja ni gefe ya ce ta gaji, in akwai na nesa a kira su. Muna dawowa na ɗauki waya, ya ce in ajiye. Ya tara mu, ni da Kawu da Goggo, ya ce duk wanda ya gaya miki kafin allin ƙofar akurki ya ƙare bai yafe masa ba, duniya da lahira. Kawu ya ce, “Malam, wasa yarinyar nan take yi.” Ya ce, “Na san wasa ne. Amma tsakin ba wasa ba ne, wata takwas ɗin ma ba wasa ba ne.” Goggo ta yi kuka ta yi faɗa, ya juya mata kunnen da ba ya ji sam.

Bai sha wahala sosai ba a ƙarshe. Ya yi kalmar shahada da bakinsa. Kafin nan ya tambaye ni saura nawa, na ce saura biyu bayan yau. Ya ce, “Ta kusa.”

Bayan an kai shi Kawu ya ce yanzu kam a kira ki. Ni na hana. Na ce ya ce sai alli ya ƙare, kuma kiran ba zai dawo da shi ba. Jiya na goge na ƙarshe. In laifi ne, wannan nawa ne ni kaɗai.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Safiyya

Riyad, 27 ga Agusta

Yaya,

Amin. Ban tambayi lafiyar kowa ba, don na ga amsar ba ta da amfani a gidanmu.

Kwana goma sha shida yana kwance. Kin san bizar fita a waya nake nemanta? Kin san in na hau jirgi da safe, washegari war haka ina tsakar gidanmu? Da na bar musu tsakin da kwantiragin da takardar izinin zaman gaba ɗaya, wallahi ko waiwaye ba zan yi ba. Wa ya ce ku zaɓa mini? Ranar Alhamis ɗin nan bayan azahar ina tsaye ina buɗe hanjin kaza, har ina yi wa abokiyar aikina dariya don ta zubar da ƙanƙara. Ubana yana cikawa ina dariya, Yaya.

Kika bar ni kwana uku ina yawo ba ni da uba ban sani ba. Ba ni da ko addu'ar ranar farko.

Ya ce bai yafe ba. To ni fa? Wa ya tambaye ni ko na yafe? Mudir ya ba ni hutu, amma ban san abin da zan zo in gani ba. Kada ki kira ni, ba zan ɗauka ba.

Hindatu

Bakori, 12 ga Satumba

Uwani,

Ina gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Yara lafiya, baƙi sun watse. Sati biyu ke nan ina duba waya.

Ba zan ce ban yi miki laifi ba. Amma ki sani ba dutse ba ce ni. Ranar da na rubuta miki takardar nan ta sha biyar ga wata, sau huɗu ina yagawa. Na zuba miki duk abin da zan iya zubawa ba tare da na karya maganarsa ba. Yaushe Kawu Basiru ya taɓa kwana biyu a Bakori? Yaushe taɓo ya taɓa hana Baba masallaci, mutumin da ya je asuba ranar da ruwa ya ci gadar kasuwa? Na zauna ina roƙon Allah ki gane ki kira ni ki ce, “Yaya, rantse.” Da kin ce haka da na faɗa, in ya so in ɗauki fushinsa. Sai kika aiko mini da maganar gishiri da gori. Ban faɗi wannan don in ɗora miki ba. Na faɗa ne don ki san ni ma ina da abin da nake kwana da shi.

Akwai takarda da ya rubuta da hannunsa ranar Talatar da ta zo kafin rasuwarsa. Wuni guda ya yi a kanta, yana yi yana hutawa. Ya ninke ya ja jan biro a gefe, ya ce kada in ba ki sai kin yi fushin kin gaji. Ban san ko kin gaji ba, ni dai na gaji. Ga ta:

“Uwata,

Jiki ba sauƙi, yau dai na faɗa miki gaskiya. Na koyi dabarar maƙiyinmu, na rubuta tun da wuri na sa alamar a jira.

Kada ki riƙe Safiyya, ni na ɗaure ta. Na san da kin ji za ki taho, kuma na san ina son ki taho, har nakan ji kamar takunki a zaure. Amma in kin zo me za ki tarar? Tsoho yana haki. Kin taɓa ganin wannan a wurin Innarku. Abin da ba ki taɓa gani ba, ni ma ban taɓa gani ba, yana can cikin hanjin tsakinki.

Uwata ta fari ban taɓa saɓa mata ba har ta koma. Ba zan fara da ta biyu ba da furfurata. In na yi kuskure ki yafe wa ɗanki, uwa ba ta riƙe ɗa.

Ina jin ba zan ga ƙarshen gasa ba. Ki gaya wa Safiyya abin da kika ƙyanƙyashe, ta sa a gwangwani.

Tamimu.”

Wake-wake ta fitar da tara ranar da na rubuta miki rasuwar. Uku sun yi bara-gurbi.

Safiyya

Riyad, 15 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Yaya haƙuri? Ki yafe mini. Na koma na karanta takardarki ta sha biyar ga wata, komai yana ciki ɓaro-ɓaro. Shekara uku ina neman ɗigo a kan saƙon da ido ba ya gani, naki ya zo da manyan haruffa na karanta rubutun na bar alamar. Ina jin na gani, tsoro ne ya sa na kau da kai. Zan taso ranar Alhamis, in sha Allahu a yi addu'ar arba'in da ni. Takardar da ke ƙasan nan ta Baba ce, ki buga ki sa a gwangwani.

Baba,

Ban san yadda ake tambayar jikinku yanzu ba. Allah ya sa kuna cikin sauƙin gaske.

Ga sakamako. Ba saƙon da ya lalace ko ɗaya. Na samu ɗigon, yana nan da yawa a kan saƙonnin ƙwayar tun kafin ta shiga kaza, kuma yana canza wuri bayan ta shiga. Mai ɗiga shi ne ban kama ba tukuna, wannan sai wani gwajin. Mudir ya ce mabruk, wato barka, na fita waje na zauna a zafin rana na yi kuka, don mutum ɗaya ne a duniya nake son gaya wa.

Ranar Asabar na gama, wake-wake sai Lahadi. Na riga ku da kwana ɗaya, amma ita tara ta fitar masu rai, ni ko ɗaya ban bari ba, har ɗan fitinannen da ke hawa takalmina. Ku kuka ci gasa.

Na yafe muku, ɗana, duniya da lahira. Ku ma ku yafe wa uwar da ba ta san nauyin bakinta ba. Wasa nake yi, Baba. Na janye umarnin, ku neme ni.

Uwani